Hanyar Magangarar Ruwa Ta Bi Ta Gidan Goggo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya gwiwar taki? Wancan karon kin ce ta hana ki hawa benen asibiti, sai dai ki tsaya a ƙasa kina ba ƙananan ungozomomi umarni da baki. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Cingam ta yi mura ta warke, kuma har yau tana manne da zanena kamar ranar da kika laƙaba mata sunan. Dogo kuwa ya wuce ni tsawo, wandon makarantar da na ɗinka masa farkon shekara ya koma kamar na aro.

Tunda kin hana a kira ki a waya, kin ce kunne ya yi nauyi kin gaji da "iye? iye?", na ba direban bas ɗin da ya saba kai miki saƙo wannan takarda.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Na koyi tuƙi. In an tashi daga makaranta na sallami ɗalibaina, sai in wuce wurin wata mata mai koyarwa. Na take mata kwandon shara, na kusa shiga da ita shagon wani mai aski, amma dai ga lasisi a jakata. Na yaye tamfol ɗin da ke kan motar baban yara, Allah ya jiƙansa, makanike ya sa sabon batir, ya canza tayoyi da baƙin mai. Da ta tashi, ƙarar nan tata ta tari-tari ta cika gidan, sai da na jingina da bango.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, kujerar direba. Tana nan yadda ya bar ta, can baya daidai dogayen ƙafafunsa. Na sha kai hannu kan ƙarfen da ake ja a matso da ita, hannun ya ƙi. Filo biyu nake sawa a bayana don ƙafata ta kai birki. Makanike ya gani ya yi kamar bai gani ba.

Kin san halin ƙaninki. Duk dogon hutu sai ya loda mu a mota ya kai mu ganin wani wuri. Ya kai mu hasumiyar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, ya sa muka yi ta karanta sunayen mutanen da ba mu sani ba har rana ta gasa mu. Ya kai mu kogon da mutanen dā suka zana shanu da barewa a jikin dutse. A tafkin ruwan ɗumi kuwa ya faɗa ciki da agogonsa, ya fito yana cewa da gangan ya yi. Wuri ɗaya ya rage, babbar magangarar ruwan nan da ke zubowa daga kan dutse. Ya ce wa yara sai hutu mai zuwa, ciwo kuma ya riga hutun isowa.

Dogo bai taɓa tambayata zancen ba. Tun rasuwar ma maganarsa ta ragu, daga "to" sai "a'a". Amma wata rana na neme shi a gida na rasa, ashe yana cikin motar a ƙarƙashin tamfol, zaune a kujerar mai zaman banza, da zafin nan. Ranar na yanke shawarar ni zan kai su.

Hanyar ta bi ta garinku. In kin yarda mu kwana a wurinki a tafiya, mu sake kwana a dawowa. Yara suna gaida Goggonsu.

Taki,
Amarya

*

Amarya,

Wa'alaikumus salam. Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulkinta, ni ma ina nawa. Wannan makon kaɗai na karɓi tagwaye har gida biyu, kin ga ba ni da lokacin ciwo. Ki shafa mini kan Cingam, in ta bari an raba kan da jikinki.

Ke! Ke da kike runtse ido in babur ya gifta, yau ke ce da sitiyari? Na karanta wurin nan na sake karantawa, na cire tabarau na goge. To, Allah ya tsare. Ba zan hana ki ba, don na san ko na hana ba ji za ki yi ba, shiru-shirun nan naki na yaudara ne, tun kina sabuwar amarya na gano ki. Amma kada ki yi gasa da manyan motoci, kada ki ɗauki kowa a hanya, kuma rana na yin sanyi ki nemi masauki. Auta, mijin naki, da motar maigidana ya koyi tuƙi, ƙyauren gidan nan har yau a karkace yake saboda shi. Ban gyara ba, ba kuma zan gyara ba.

Zancen kujera kuwa, na ajiye takardar na tashi na shiga kicin ba tare da ina da abin yi a can ba. Ni na goya yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na san lokacin da ƙafafun nan suka fara zarce tabarma. Bar shi kawai.

Yanzu ga maganar da na daɗe ina juyawa, zuwanku ya kawo ta kan hanya. Ina so Dogo ya dawo wurina. Namiji a irin shekarunsa yana bukatar idon da ba ya gajiya a kansa. Ke ki fita aiki, ki dawo ki ɗora tukunya, ki zauna duba littattafan ɗalibai, ga Cingam a gefe. Kayan sun yi miki yawa, kuma ke da bakinki kin ce yaron ya daina magana. Akwai makaranta mai kyau a bayan asibitinmu, shugaban ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa duka, ba zai ce mini a'a ba. Ni kuma 'ya'yana mata duk suna gidajensu, gida ya yi mini faɗi.

Na riga na kwashe tarkacen da ke ɗakin Auta na dā, na sa an yi fenti, na sayi katifa doguwa. Ki haɗo masa kayansa gaba ɗaya. Ku je ku ga ruwanku, a dawowa ki sauke mini shi.

Yayarki

*

Amarya,

Ina fatan lafiya. Lafiyar ce ma nake tambaya, don bas ya zo ya koma, ya sake zuwa ya sake komawa, direba yana ganina a tasha sai ya buɗe tafin hannunsa ya girgiza kai. Har kunyarsa na fara ji.

Da farko na ce ko takardata ce ta ɓace, ya rantse a hannunki ya sa ta, a bakin makarantarku. Sai na ce to ko kina ta haɗa kayan yaro ne. Jiya kuma ya ce ya hango ki da motar kin fita bayan gari da yara, kina tafiya a hankali har mai keke ya wuce ki. Wato lafiyarku ƙalau, ni ce dai ba a da lokacina.

In wani abu na faɗa, ki faɗa mini. Kunnena ne ba ya ji sosai, idona yana karatu. Na sa an ɗinka labule a ɗakin, shuɗi. Hutu ya kusa, ina so in san ranar da zan sa ido.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini shirun. Lafiyarmu lau, yara ma haka, da fatan gwiwa ta lafa. Na fara rubuta miki amsa ba sau ɗaya ba ina yayyagawa, don duk wadda na rubuta sai ta fito da rashin kunya, ni kuwa ban taɓa yi miki ba.

Gaskiya takardarki ta yi mini ciwo. Inda kika ce yaro yana bukatar idon da ba ya gajiya, abin da na ji shi ne nawa idon ya gaza, shirun Dogo laifina ne. Na yi ta tambayar kaina ko haka dangi suke faɗa a bayana. Sannan kin yi fenti kin sayi katifa kafin ki tambaye ni. Yaya, ina jin tsoro. Na rasa uban, yanzu kuma ina ganin da hannuna zan tuƙo ɗan in kawo shi in koma ba shi.

Fitar da direba ya gani gwaji na je yi. Na ce kafin doguwar tafiya bari in gwada ƙarama, sai muka nufi kufan tsohon birnin nan da ke bayan tsaunuka, wanda ake zuwa a dawo a yini guda. Cingam tana baya da kwandon burodi da dafaffen ƙwai, Dogo yana gaba riƙe da taswirar babansa, duk da hanyar miƙaƙƙiya ce ba inda za a ɓata.

Mun kai wata gangara sai ga tirela ta fito daga kwana ta ci rabin hannuna. Na kai ƙafa birki, filo ɗaya ya zame, na nutse baya, da ƙyar yatsun ƙafata suka taɓa. Allah ya kiyaye, muka tsaya a cikin ciyawa. Na kasa ko sakin sitiyari. Dogo ya buɗe ƙofa ya zagayo, ya buɗe tawa, ya durƙusa ya kama ƙarfen nan ya ce, "Mama, ɗan ɗaga." Ya turo kujerar gaba har ta yi ƙas. Ya kwashe filon ya jefa wa Cingam. Sannan ya ce, "Baba ba zai so ki kashe mu saboda kujera ba."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye kuma. Tun ranar da aka fita da babansa ban ji kalmar Baba a bakinsa ba sai ranar.

Kufan kuwa ya cancanci zuwa. Ganuwar ta zube a wurare da yawa, amma ƙofar tana tsaye, kaurinta ya isa mutum ya kwanta a kai. Wani dattijo mai gadin wurin ya zaga da mu, ya nuna mana inda kasuwa take, da rijiyar da igiya ta yi wa bakin dutsenta zurfafan tsagi saboda yawan ja. Dogo ya sa yatsunsa cikin tsagin ya yi ta tambaya. Mata nawa ne suka ja ruwa a nan? Ina mutanen suka koma? Me ya sa suka bar rijiya mai ruwa? Dattijon ya gaji ya ce, "Yaro, ni gadi aka ba ni, ba a ba ni amsa duka ba." A dawowa bakinsa bai rufu ba, har Cingam ta ce ya yi shiru tana son barci.

Kin gani, Yaya, yanzu ya fara buɗewa. Yanzu ne kuma za a ɗauke shi?

Ba zan ɓoye miki ba, na duba taswira na ga akwai wata hanya zuwa magangarar ta cikin tsaunuka wadda ba ta bi ta garinku ba. Na yi tunanin bin ta. Na ji kunyar kaina da tunanin, shi ya sa na faɗa miki.

Taki,
Amarya

*

Amarya,

Lafiya lau nake, gwiwa da sauƙi, tunda kin tambaya.

Ki ɗauko takardata ki sake dubawa, ki nuna mini inda na ce kin gaza. Cewa na yi kaya sun yi miki yawa, kuma sun yi. Mace nawa na gani a ɗakin haihuwa tana cewa ba ta gaji ba alhali leɓenta ya bushe? Ba wanda yake zancenki a dangi sai da alheri, wanda ya gwada kuwa ya san da wa zai haɗu. Na yarda fentin na yi gaggawa. Haka nake, sai na gama abu nake tuna ana tambaya.

Hanyar tsaunuka kuwa ki cire ta daga ranki. Gadarta ta karye tun damina, motocin katako ne kaɗai ke bi. In guduna kike yi, ki guje ni ta kan kwalta. Ki wuce ta ƙofar gidana kada ki tsaya, zan ɗaga miki hannu, amma kada ki kai mini 'ya'yan Auta cikin rami.

Na yi dariyar maganar Dogo har ma'aikaciyar da ke kusa da ni ta leƙo. Bakin ubansa ne sak, shi ma haka yake, ya yi shiru ya yi shiru sannan ya jefo ɗaya ta kashe mutum.

Ga abin da na gani. Ku zo. Ni ma za ni ganin ruwan nan, na ɗauki hutu, abin da ban yi ba tun rasuwar maigidana. Auta ya sha cewa in bi ku ina ce masa mata ba sa daina haihuwa don ana hutu. Bayan mun dawo a tambayi yaron, ba ƙaramin yaro ba ne. In ya ce wurinki, na rufe bakina. In ya ce wurina, ke ma ki rufe naki. Ban janye maganata ba, ina son sa a nan, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ki ajiye mini kujerar baya, gefen da zan miƙe ƙafa.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya ni da Cingam, mota ba ta ba mu matsala ba. Ya gajiyar hanya, ya gwiwa bayan duwatsun nan? Ya Dogo? Ki ce masa ƙanwarsa tana gaishe shi, ta ce kuma ya tafi mata da murfin gorar ruwanta.

Na gode da kika zo. Ko da yake kin ce za ki zauna a baya ki yi shiru, tun daga ƙofar gidanki har bakin daji ke kika tuƙa motar da baki. "Rage wuta. Ga akuya. Bar shi ya wuce, gaggawar ta kai shi." Sau ɗaya na ga kin yi shiru, a kan doguwar gadar nan, na duba madubi na ga kin runtse ido kin damƙe hannun Cingam. Ban faɗa wa kowa ba, amma na ajiye don ranar da za ki sake tuna mini zancen babur.

Ban taɓa zaton wurin haka yake ba. Tun muna ajiye mota ake jin rugugi a ƙirji kafin a ji a kunne. Da muka bi siririyar hanyar nan cikin bishiyoyi, ke da sandar da mai jagora ya ara miki kina cewa ba kya bukata amma kin ƙi mayarwa, sai kawai daji ya buɗe. Ruwa fari fat yana zubowa daga sama, feshinsa ya jiƙa mu tun daga nesa, ga bakan gizo a ƙasa-ƙasa kusa da ƙafafunmu. Cingam ta saki zanena da kanta ta yi gaba. Na buɗe baki in yi magana ban ji muryata ba, sai kika matso kika yi mini ihu a kunne, "Yau kowa ya zama ni!"

Na tsaya ina tunanin yadda baban yara zai yi a wurin. Da ya tsaya ya yi mana bayanin daga inda kogin ya taso alhali ba mai jin sa. Na yi kewarsa ƙwarai, amma ban ji ɗacin da na zata ba. Na ji daɗi na kawo su.

Daga inda nake riƙe da takalman Cingam na hango ku ke da Dogo a kan faffaɗan dutsen nan. Ya yi gaba kusa da bakin ruwa, kika ɗaga sanda kika kira shi, ya juyo ya tsaya yana kallonki, sannan ya dawo ya kama hannunki. Daga nan bai sake barin gefenki ba. A mota ma baya ya koma kusa da ke, ya bar taswirar a gaba.

Don haka da muka zauna a falonki kika tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan zauna da Goggo," ban yi mamaki sosai ba. Na yi alkawari, na rufe bakina. Na ma yi murmushi, kin gani. Sai da muka fita daga garinku na sami gindin wata bishiya na tsaya na kifa kai a sitiyari. Cingam ta tsallako gaba ta zauna a wurinsa ta buɗe taswira a juye ta ce, "Mama, ni zan nuna miki hanya."

Ba na jin haushinki, Yaya, Allah ya sani. Shi ya zaɓa. Amma gidan ya yi shiru irin wanda ban san da shi ba, ashe ko yaro ba ya magana ana jin motsinsa. Jiya na zuba abinci faranti uku.

Ga jakarsa nan na ba direba, da takardun makaranta da takalmin ƙwallonsa. Ba ya faɗa in ba shi da lafiya, sai dai ki ga ya bar abinci. Ki riƙa duba shi.

Taki,
Amarya

*

Amarya,

Na san kafin ki buɗe wannan kin riga kin ga wanda ya kawo ta, na kuma san ba za ki karanta ba sai kin gama kukanki kin ɗora masa tukunya. To ki gama, ina jira. Lafiyata lau, gwiwa ta kumbura bayan tafiyar amma ta sauka. Na daɗe ban amsa miki ba don ban san me zan ce ba, ni da ba a raba ni da abin faɗa.

Kin ce kin hango mu a kan dutse. Kin gani, amma ba ki ji ba, ruwa bai bari ba. Yaron ya yi gaba, ya tsaya ya ba ni baya, hannu ɗaya a ƙugu, kai a karkace. Tsayuwar ubansa ce, ba abin da ya rage. Ganin santsin wurin, na ɗaga murya na ce, "Auta, dawo nan!" Ban san sunan ya fita ba sai da na ga fuskarsa. Ya tsaya yana kallona. Na jira ya ce Goggo, ni ne. Sai ya ce, "Na'am, Yaya," ya taho ya kama hannuna.

Amarya, daɗin da na ji a lokacin ba zan iya kwatanta miki ba. Na riƙe hannun nan na ce a raina an dawo mini da shi.

Haka muka zauna bayan tafiyarku. Ina kiransa Auta yana amsawa. Ya gano kujerar da ubansa ke zama a baranda ya koma zama a kanta. Yana raka ni asibiti ya riƙe mini jaka, ma'aikata suna cewa shi da ubansa kamar an tsaga kara. Na fito da tsofaffin rigunan ubansa ya sa, sun yi masa daidai. Ya yi ladabi, ya yi biyayya, ba abin da zan ce ya yi mini. Amma tambayoyin nan da kika ce ya yi wa mai gadin kufai, ni ko ɗaya ban samu ba. Na lura, na kawar da kai, don ina jin daɗina.

Shekaranjiya da safe maƙwabciyata ta shigo aron abin tace shayi ta same mu muna karyawa. Na zuba mata, ta jawo kofin Dogo bisa kuskure ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ai magani ne, ba sukari?" Na ce haka yake sha, ba ya son zaƙi tun yana ƙarami. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Auta ne ba ya son zaƙi. Na juya na ce, "Dogo, kai cokali nawa kake sawa a gida?" Ya ce a hankali, "Uku, Goggo." Na ce to me ya sa tun zuwanka kake shanye wannan ba ka ce komai ba? Ya ce, "Na ga kina jin daɗi in na sha."

Na tashi na shiga ɗaki. Na karɓi jarirai da yawa a hannun nan, na san nauyin da yaro zai iya ɗauka, wannan ya fi ƙarfinsa. Ba don makaranta ya zauna ba, ba don ya fi son gidana ba. Ya ga tsohuwa ta kira mamaci a kan dutse, tausayi ya kama shi ya amsa, ya kuma rasa yadda zai daina amsawa. Ni ma duk zancen makaranta da kayan da suka yi miki yawa, gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Ƙanina nake nema, kuma ba ya cikin yaron nan. Yaron mutum ne daban, mai son zaƙi, mai son ƙwallo, abin da ubansa ko kallo ba ya yi.

Da na ce masa ya haɗa jakarsa sai ya ce, "Ke fa, wa zai zauna da ke?" Na ce na shekara nawa ina zaune da kaina ba mu taɓa faɗa ba. Bai yarda ba sai da na yi masa alkawari duk hutu za ku biyo ku ɗauke ni. Ya ce akwai wani tsohon gidan kurkuku a kan tsibiri da ake shiga jirgin ruwa kafin a kai, can yake so mu je. Ni da jirgin ruwa! Na ce to. Wannan wurin ba ubansa ne ya zaɓa ba, shi ya zaɓa, shi ya sa ban yi gardama ba.

Na riƙe rigunan Auta a nan, kada ki neme su a jaka. Ki kira yaron da sunansa da ƙarfi, ki aike shi, in ya yi laifi ki yi masa faɗa, ya kwana biyu ba wanda ya yi masa. Gobe da safe kuma ki tura masa gwangwanin sukari gabansa, ki bar shi ya zuba da kansa.

Yayarki